Fayil ɗin Malam Dawo-Gobe

Karo na uku ke nan yana lasar babban yatsansa yana bin fayil ɗin shafi-shafi, daga baya zuwa gaba, kamar wanda ke fatan takarda za ta haihu idan aka dame ta da taɓawa. Takardar ƙarin girma tana nan. Ta tabbatar da shi a aiki tana nan. Takardun yabo guda biyu, da ta izinin hutun da ya ɗauka lokacin da aka cire masa haƙori, duk suna nan, an huda su daidai an ɗaure da zare. Shafi na ɗaya ne kawai babu, wato takardar ɗaukarsa aiki ta farko.

Shekara talatin da biyar magatakardan ya yi a ɗakin ajiyar fayil na wannan ma'aikata, ashirin daga ciki yana shugaban ɗakin. Duk wanda zai yi ritaya sai ya bi ta tagarsa. Ba ya cin hanci, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Zai karɓi takardunka, ya leƙa su ta saman tabarau, ya turo maka su da yatsa biyu, ya ce, "Ba su cika ba. Ka dawo gobe." Abin da bai cika ba kuwa kai za ka gano da kanka, don a ganinsa wanda bai san takardunsa ba bai cancanci hutu ba. Da haka sunansa na yanka ya ɓace a ma'aikatar, kowa ya koma kiransa Malam Dawo-Gobe. A bayan idonsa ake faɗa, amma ya sani, kuma in za a faɗi gaskiya sunan yana ɗan yi masa daɗi.

To, yau layi ya zo kansa. Wata biyu ya rage ya ajiye aiki, kuma kwamitin tantance masu ritaya da ya zo daga hedikwata yau zai tattara ya tafi, ƙarfe huɗu daidai. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Albashi zai tsaya, fansho bai fara ba, mutum ya yi shekara guda cur yana cin ajiyarsa yana kallon rufin ɗaki. Shi da hannunsa ya rubuta sanarwar ya manna a ƙofa: ba a karɓar kwafi, sai ainihin takarda. Nasa fayil ɗin kuwa bai taɓa damuwa ya buɗe ba. Fayil ɗin da shi ya ɗaure, ya kulle a aljihun tebur na sama, me zai same shi?

"Yallaɓai, lafiya kuwa?" in ji mataimakiyarsa, wadda ya horar shekara goma sha biyu, kuma ita za ta gaji kujerarsa. "Na ga kana gumi, ga fanka tana aiki."

"Wa ya taɓa fayil ɗina?"

"Wa ya isa? Mabuɗin ma a wuyanka yake kwana."

Ta matso ta leƙa, ta sa farce ta zaro wata 'yar guntuwar takarda da ta maƙale a gindin zaren, ta yi ja don tsufa. Ta gyara murya ta karanta: "An ari wannan takarda. Za a dawo da ita gobe." Ta dubi sa hannun, ta dubi kwanan watan, sannan ta dube shi. "Yallaɓai, rubutunka ne. Shekara talatin da huɗu ke nan."

Ta ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata, amma kafaɗunta sun tona mata asiri.

Nan take abin ya dawo masa fes. Yana saurayi, siriri kamar sillen kara, ya je neman aure gidan wani tela. Telan ya ce shi ba ya ba da 'ya ga mai aiki a baki, yana son ya gani da idonsa. Washegari ya zare takardar daga fayil, ya bar wannan guntuwar a madadinta kamar yadda aka koya masa, ya kai. Telan ya daɗe yana kallonta, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya ce, "To, madalla." Shi ke nan. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa suruki, "Baba, takardata fa?" Ya ce zai tambaya bayan biki. Bayan biki ya ce sai an haihu. Daga nan rayuwa ta bi ta kan maganar, telan kuma yau shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa.

Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura kwata.

"Riƙe mini ɗakin," ya ce, ya suri jakarsa.

A baranda akwai dogon bencin da masu jira ke zama. Wani tsohon direban ma'aikatar, wanda ya shekara biyu yana zarya da ledar takardu a hammata, ya miƙe da fara'arsa.

"Yallaɓai, barka da fitowa. Yau ma in dawo gobe ne, ko in ɗan jira?"

Magatakarda ya wuce shi kamar bai ji ba.

A motar haya, an matse shi tsakanin wata mata mai buhu da wani mai barci, ya buɗe jaka ya taɓa ɗaya fayil ɗin da ba ya rabuwa da shi, kore, an rubuta masa "Shirin Ritaya" da manyan baƙaƙe. Shafi bakwai ne, kuma yana alfahari da kowanne. Gida ya gama biya tun shekara shida. Ya gina ɗakuna biyu a baya ya sa 'yan haya. Yana da ajiya a ƙungiyar ma'aikata da bai taɓa taɓawa ba, kuɗin asibiti kuma daban. Auta ta gama makaranta bara. Har kujerar hutu ya saya, mai kwantawa da mutum, tana falo ba a cire mata leda ba, tana jiran ranar. Sau nawa ya tsayar da ƙananan ma'aikata a bakin famfo yana yi musu wa'azi, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya? Ga shi yau ranar tafiya, shi ko goran ma bai san inda yake ba. Dukan lissafin nan a kan fansho ya jingina, kamar rumfa a kan ginshiƙi ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya durƙusa gaban telan.

Shagon matarsa yana layi na uku a kasuwa, tsakanin mai sayar da zare da mai gyaran agogo. Ita ta gaji sana'ar mahaifinta, har da kekensa na ɗinki, baƙi, mai taka ƙafa, wanda ta ce ya fi na zamani hankali. Ya same ta a kansa, ga tef a wuya, ga allura a baki.

"Baban yara? Da tsakar rana? An kore ka ne tun kafin lokaci?"

"Bar wasa. Kin tuna wata takarda da na kai wa marigayi Baba, kafin aurenmu?"

"Wace takarda?"

"Ta ɗaukar aiki. Fara, da tambarin hukuma a sama."

Ta cire allurar daga baki ta soka a jikin tsumma, a hankali, ba gaggawa. Ya san wannan fuskar. Ita ce fuskar da take yi idan ta riga ta san inda hularsa take amma tana so ya ƙara zagaye ɗaki.

"Kana da shaidar cewa ka ba shi?"

"Wace irin shaida kuma? Ke ma kina bayan labule kina leƙe!"

"Ka zo da katin shaidarka? Da hoto biyu?"

"Maman yara!"

Ta saukar da kai ta leƙo shi ta saman tabaran da ba ta da su, ta ture wani ƙyalle zuwa gabansa da yatsa biyu.

"Ba su cika ba. Ka dawo gobe."

Mai gyaran agogo, da ya kasa kunne ta jikin katako, ya fashe da dariya har da tari. Wanzami dai ba ya son jarfa. Magatakarda ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya jawo kujerar masu jiran ɗinki ya zauna, ya rage murya.

"Ƙarfe huɗu suke rufewa. In ban kai ba, shekara guda ba fansho. Ajiyar nan da muka yi ta ƙuntata wa kanmu a kanta, ita za mu cinye."

"Na sani," ta ce. "Tana nan."

Ya miƙe zumbur.

"Zauna. Ranar da za a kai ni gidanka Baba ya ba ni ita. Ya ce, riƙe wannan, yaron nan yana da kirki amma ba ya jin magana, ranar da zai nemi takardar nan, ranar ce zai saurare ki. Shekara talatin da huɗu ina jira, Baban yara. Ba za ka ba ni minti goma ba?"

Ya koma ya zauna.

"Fito da koren fayil ɗin nan," ta ce. "Shafi na bakwai."

"Ke kin karanta mini fayil?"

"Ni nake goge teburin da kake ajiye shi. Shafi shida na farko ban da ta cewa, Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da maza da yawa ba su yi ba. Amma na bakwai, bari in karanta maka da ka." Ta ɗaga yatsa. "Bakwai zuwa tara, duba tsarin kicin. Tara zuwa sha biyu, shagon uwargida, gyara tsarin aiki. Bayan azahar, kujerar hutu. La'asar, komawa shagon uwargida, bin sawun gyaran safe. Asabar, ƙidayar cokula."

"Taimako ne."

"Taimako? Hutun da ka ɗauka na mako biyu bara ai na ɗanɗana taimakonka. Ka bi tukwanena ka liƙa musu lamba. Ka jera gwangwanayen kayan miya bisa baƙaƙe, na yi kwana uku ina zuba sukari inda gishiri ya kamata. Ka zo nan ka zauna rana ɗaya tak, matar da nake wa ɗinki tun tana amarya ta zo karɓar rigarta, ka ce sai ta kawo rasit. Har yau a wancan layin take kai ɗinki, in mun haɗu sai ta kau da kai. Mako biyu ke nan. Yanzu kuma kana so ka yi mini na sauran rayuwa?"

Ya dubi shafin. Shi da ya rubuta shi da jan layi da komai, bai taɓa lura cewa kusan duk inda ya sa kansa, wurin wani ne ba.

"To in ban zo nan ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ina za ni?"

Ta dube shi. Wasan ya bar fuskarta.

"Shekara talatin da biyar ina tashi na san inda za ni," ya ce. "Na san wanda zai gaishe ni, na san abin da ke jirana a tebur. Kuɗin na shirya, wannan mai sauƙi ne, lissafi ne. Amma ranar Litinin ta farko da zan tashi in sa takalmi in rasa inda zan nufa, wallahi ita nake tsoro. Shi ya sa na cika shafin."

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bari ya ci ta ba, don ta san in ta sassauta yau, gobe da safe zai tsaya mata a kan tukunya.

"Ban san inda za ka ba, Baban yara. Kai za ka nemo. Ni dai na san inda ba za ka ba. Soke shi."

Ya zaro alƙalami daga aljihu, ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ƙara wani ya gicciye shi. Da yake hali zanen dutse ne, sai da ya rubuta "An soke" a ƙasa, ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Ta jawo ƙaramin aljihun keken ɗinkin, wanda ya sha ganin tana buɗewa tana ɗauko maɓalli. Daga can ƙarshensa ta zaro wani ƙyallen atamfa a naɗe, ta warware. Ga takardar nan, a ninke huɗu, tana ƙanshin man keke. Ya karɓa da hannu biyu kamar jariri, ya buɗe, ga tambari, ga sunansa, ga sa hannun wani shugaba da tuni ƙasa ta rufe. Sai ya juya bayanta.

An yi rubutu da fensir, lambobi a jere.

"Mene ne wannan?"

Ta leƙa, ta kwashe da dariya har ta dafa keke. "Awonka ne! Na rigar ango. Baba ai duk takardar da ta zo hannunsa awo yake rubutawa a bayanta."

Shi bai yi dariya ba. Akwai wata doka a ɗakin fayil, mai cewa duk takardar da wani hannu da ba na hukuma ba ya yi wa rubutu, gaba ko baya, ba a karɓarta. Ya san dokar sarai, don shi ya ƙirƙiro ta shekara goma sha biyar da suka wuce.

"A goge mana," in ji ta.

"Goge takardar hukuma? Wannan ai laifi biyu ke nan."

Cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya, sai uku saura kaɗan ya isa ma'aikata, riga ta manne masa a baya. Ya nufi ƙofar ɗakinsa kai tsaye, ya tarar da ita a kulle daga ciki, kwamiti na zaune. Mataimakiyarsa ta leƙo ta taga.

"Yallaɓai, yau kai mai nema ne. Kai ka ce ko ɗan'uwan shugaba ne ya bi layi." Ta miƙo masa ɗan kati. Lamba hamsin da biyu. Ana kan talatin da takwas.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya juya ya fuskanci bencin. Tsofaffi sun fi ashirin, maza da mata, kowa ya zuba masa ido. Tsohon direban ne ya matsa, ya kaɗe wurin da hularsa.

"Bismillah, Yallaɓai. Yi hankali da nan gefen, akwai ƙusa. Ta ci mini wando biyu."

Ya zauna. Shekara talatin da biyar yana wuce bencin nan safe da yamma, bai taɓa sanin rana tana dukansa kai tsaye daga ƙarfe biyu ba. Bai san cewa daga nan ba a jin abin da ake faɗa a taga ba, sai dai a ga bakin mutum yana motsi.

Direban ya kwance ledarsa don ya sake dubawa, ya baza takardun a cinya. Wasu a kife, wasu a juye, rasit ɗin asibiti a tsakiyar takardun aiki. Magatakarda ya kau da kai. Ya sake dubawa. Idonsa ya fara yi masa ƙaiƙayi, yatsunsa suna motsi da kansu. Bai iya jurewa ba.

"Miƙo nan, don Allah. Haka ake riƙe takarda?"

Ya lashi yatsa ya fara jerawa. Ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na farko, na biyu. Ta na uku ce babu, ita ce ta hana fayil ɗin tafiya tun farko, ya tuna sarai. Zai buɗe baki ya faɗi abin da ya saba faɗa, sai ya ji lasisin tuƙin mutumin ya yi kauri a hannu. Ya buɗe murfinsa. Ga wata takarda an ninke ta ƙanana an cusa a ciki.

"Wannan fa?"

"Wannan? Ai tun ranar farko tana nan. Na ɓoye ta ne don ita ce ta ƙarin kuɗi, kada ta ɓata. Ni karatuna bai wuce lambar mota ba, Yallaɓai. Ba ka taɓa cewa ita kake nema ba."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushi ne da ya fi sauƙi. Magatakarda ya dubi takalmin mutumin, wanda aka ɗinke da waya a gefe.

"Shekara biyu da me kake ci?"

"Allah dai. Mai ɗakina ta sayar da firij ɗinta, babban ɗana yana ɗan aiko abin da ya samu. Kuɗin motar zuwa nan ne ma ya fi cin mu."

Aikin bai kai minti uku ba. Kunya ta rufe magatakarda tun daga kai har ƙafa. Ya jera takardun, ya ciro allurar maƙale takarda daga aljihunsa ya haɗa su, ya miƙa masa ba tare da ya iya haɗa ido da shi ba.

Aka kira arba'in da huɗu. Direban ya je taga, ya daɗe kaɗan, sai aka ji tim, ƙarar hatimi. Ya juyo yana ɗaga takarda sama, bakinsa har kunne, yana cewa, "Ta wuce! Jama'a, ta wuce!"

Kafin magatakarda ya ankara, leda uku sun sauka a cinyarsa. Wata tsohuwar mai shara, wani mai gadi, wani malamin makaranta. Ya sa tabarau ya duƙufa. Wannan taka ta cika, jera ta kawai za a yi. Ke taki saura takardar haihuwa, ofishin yana bayan asibiti, ki ce a ba ki ta rantsuwar shekaru. Kai kuma hotonka ya tsufa, ga mai hoto can bakin ƙofa, ruga. Bai san bakinsa ya iya faɗin abin da ya rage ba sai yau, kuma abin mamaki, faɗin bai rage shi da komai ba. Daɗi ma yake ji, irin na mai warware zaren da ya cukurkuɗe.

"Hamsin da biyu!"

Bai ji ba, yana neman shafi na uku na mai gadi.

"Hamsin da biyu, kira na biyu!"

Doka ce, kuma ba sai an faɗi wanda ya kafa ta ba, cewa in an kira sau uku ba ka amsa ba an wuce ka. Direban ne, da bai tafi ba, ya daka tsawa, "Yana nan! Ga shi nan!" Ya fizgo shi ta hannun riga ya kai shi taga. Huɗu saura minti takwas.

Tagar ta fi yadda yake zato tsawo daga waje, sai da ya ɗan yi ɗage. Mataimakiyarsa ta karɓi takardar, ta duba gaba, ta juya baya kamar yadda ya koya mata, ta tsaya. Ta miƙa wa shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura da ke zaune a kan kujerar magatakarda kamar tasa.

Dattijon ya kawo takardar kusa da hanci ya karanta da ƙarfi. "Kafaɗa sha shida. Hannu ashirin da huɗu. Ƙugu ashirin da takwas." Ya miƙe ya leƙo ta taga, ya dubi tumbin magatakarda, ya daɗe yana dubawa. "Malam, ka tabbata takardar nan taka ce?"

Bencin gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Dole ta sa ya ba da labarin a tsaye, da telan, da aljihun gaba, da keken ɗinki, kowa yana ji. Dattijon ya share hawayen dariya da bayan hannu.

"To ni ban ga matsala ba."

"Akwai doka, ranka ya daɗe," in ji mataimakiya, fuskarta ba alamar wasa. "Takardar da aka yi wa rubutu da hannun da ba na hukuma ba, ba ma karɓa. Mutum uku muka mayar a kanta tun shekaranjiya, suna nan zaune."

"Daga hedikwata dokar ta zo?"

"A'a. Shi ya kafa ta."

Dattijon ya koma ya zauna, ya harɗe hannu. "To, mai doka. Har yanzu kai ne shugaban ɗakin nan. Me ka ce?"

Magatakarda ya gyara tsayuwa. Shekara goma sha biyar yana kare dokar nan kamar 'yarsa ta fari. Ya waiwaya ya dubi bencin, ya dubi agogo.

"A soke ta."

"Gare ka kaɗai?"

"Ga kowa. A kira mutum ukun nan kafin ni."

Aka kira su, aka buga musu, tasa ta zo ta huɗu. Hatimin ya sauka huɗu saura minti ɗaya, kuma shi da ya buga hatimi ya fi sau dubu ɗari bai taɓa jin mai daɗin sauti kamar wannan ba. Zai juya, mataimakiya ta turo masa guntuwar takardar nan mai ja da yatsa biyu.

"Yallaɓai, sa hannu cewa an dawo da ita. Za mu duba ko akwai tarar jinkiri."

Ya rubuta "An dawo da ita," ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Aka rufe taga.

Mutum tara suka rage a benci, waɗanda nasu da gaske bai cika ba, sai baɗi. Suka fara ɗaure ledojinsu a sanyaye. Tsohuwar mai sharar ta tsaya gabansa tana gyara mayafi.

"Yallaɓai, mu sai yaushe? Mu dawo gobe?"

"Zauna, Inna. Kowa ya zauna. Ba mai tashi daga nan sai ya san abin da ya rage masa da inda ake samunsa."

Ya koma wurinsa na ɗazu, ya kauce wa ƙusar ba tare da an tuna masa ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"An karɓa?" in ji matarsa.

"An karɓa."

"Alhamdu lillahi. To ka taho mana, na rufe shago da wuri."

"Tukuna. Ina da mutum tara."

"Mutum tara na me? Ba an tashi ba?"

"Sai na zo. Af, Maman yara, kujerar nan ta falo, ki cire mata leda ki riƙa hawa. Ki kuma tambayi mai gyaran agogo ko yana da guduma ya ara mini zuwa Litinin, akwai wata ƙusa a nan."

Ya kashe wayar. Ya lalube jakarsa yana neman farar takardar da zai rubuta sunayensu, bai samu ko ɗaya ba. Sai ya buɗe koren fayil ɗin, ya zare shafi na bakwai, ya juya bayansa, ya ɗora a gwiwa.

"To, Inna," ya ce, ya lashi yatsa. "Fara da sunanki."